Turbo ko Kwamfuresa: Abin da Magidanci Zai Sani Kafin Ya Biya Kuɗi

A wannan fitowa mun ɗauko wata magana da ke yawan tasowa idan magidanci ya tara gumin goshinsa ya nufi sayen mota, musamman irin na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Dillali zai nuna rubutun da ke bayan mota ya ce wannan turbo ce, waccan kuma Kompressor, sa'an nan ya ƙara kuɗi. Mai saye ya gyaɗa kai, alhali bai san abin da zai biya wa ba.

Bari mu fara daga tushe. Wuta ce ke ci a cikin injin mota, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. Kowane kilo 1 na fetur yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Saboda haka ƙarfin inji yana bin yawan iskar da ya samu. Maƙeri ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba ya rabuwa da zugazuginsa. To, kwamfuresa, wadda wasu ke kira supacaja, da turbo duka zugazugi ne masu cusa wa inji iska fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Inda suka rabu shi ne hannun da ke yin zugar.

Ita kwamfuresa injin ne da kansa ke juya ta da igiyar roba, kuma iri uku ce. Ta farko ita ce Roots, mai sunan wasu ƴan'uwa biyu na Amurka da suka yi mata rajista a 1860 domin hura wutar narkar da ƙarfe. Tana ba da ƙarfi tun mota na tashi, amma tana ɗumama iska da yawa, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. Ta biyu ita ce mai dunƙulallun ƙarafa biyu masu murɗa kamar sukurori, wadda injiniyan Suwidin Alf Lysholm ya inganta a shekarun 1930. Ita tana matse iskar a cikinta, zafinta bai kai na Roots ba, sai dai ƙirarta na da tsada. Ta uku farfela ce mai watsa iska, wadda ba ta nuna ƙarfinta sosai sai inji ya ɗauki gudu. Falalar biyun farko ita ce da an taka totur suke amsawa. Aibin dukansu kuwa shi ne daga ƙarfin injin suke cin ladansu, don haka shan mai yake ƙaruwa.

Shi turbo hayaƙi ne ke juya shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona yana fita ta bututun hayaƙi a banza. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1905, ya ga cewa za a iya tare wannan hayaƙi ya juya wata farfela, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke kan sanda ɗaya, wadda ke tura iska cikin inji. Motocin hawa masu turbo sun fara fita kasuwa a Amurka a 1962, kuma a 1979 Peugeot ta sa shi a motarta 604 mai shan gazuwal. Aibinsa sananne ne: idan inji na tafiya a hankali hayaƙin bai isa ba, sai direba ya taka totur ya ɗan jira kafin ƙarfin ya zo. Turbo na zamani ya rage wannan jinkiri ƙwarai. Saboda tattalin mai ne turbo ya yi rinjaye, har Mercedes ta sauya injunanta ƙanana na Kompressor da masu turbo wajen 2010. A yau da wuya a ga sabuwar motar gazuwal da ba ta da shi.

To, ina amfanin wannan bayani ga mai iyali? Turbo yana juyi fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙi da ke wuce digiri 700, kuma baƙin man inji ne ke shafe sandarsa. Wanda ya jinkirta juyen mai, ko ya zuba gurɓataccen mai na bakin hanya, shi ya yanke wa turbonsa kwana. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, domin ƙwayar yashi na cin bakin farfela mai irin wannan gudu. A riƙa duba matatar iska, kada a huda ta ko a cire ta. Da safe a bar inji ya ɗan yi aiki kafin a matsa masa, bayan doguwar tafiya kuma a ba shi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Wajen saye, a tafi da makaniki amintacce: shuɗin hayaƙi, kuka mai kama da jiniya, ko mai da yawa a bututun iska, duk alamu ne na turbo da ya gaji.

Akwai kuma gargaɗi ga samarinmu masu sha'awar ɗaura turbo ko kwamfuresa a kan injin da ba a ƙera shi don haka ba. Ƙarin iska na neman ƙarin mai, da na'urar sanyaya iskar, da fistin masu jure matsi, da birki mai iya tsayar da sabon gudun. Idan aka bar ɗaya, ƙarshenta narkewar fistin ne, ko abin da ya fi haka muni a kan hanya.

Shawararmu dai ita ce: mai doguwar tafiya da kaya, wanda zai kiyaye lokacin juyen mai, turbo zai rage masa kuɗin mai. Mai tsohuwar Kompressor ya kula da igiyarta, ya haƙura da shan manta. Wanda kuwa ke zaune nesa da ƙwararren makaniki da kayan gyara, injin da ba shi da ko ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.