SHARHI: Wa ya zaɓi shugaban kwamitin lakwal?

Tun watan Afrilu 2024 da hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi a madadin magadan gari, talakan Icirnawa ya rabu da kwanseyen da ya zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020. A watan Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Duk da haka akwai sauran kujera guda a ƙauye wadda ƙuri'ar talaka ce ke ba da ita: kujerar wakilin uwayen yara a kwamitin kula da makaranta, wanda kowa ya sani da COGES, ko da yake a takarda an sake masa suna CGDES. Abin takaici shi ne, wannan kujera ita ce wadda aka fi sakaci da tarihin mai zama bisanta. A ƙauyuka da dama, in aka tambayi uba wace shekara aka zaɓi shugaban kwamitin lakwal ɗin ɗansa, da wa ya kara, ƙuri'a nawa ya samu, sai ya yi shiru.

Kwamitin yana da asali. Shekarun da suka biyo bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 sun kawo ƴanci, amma sun zo wa makarantar boko da wahala: albashin malamai yana makara wata da watanni, yajin aiki yana bin yajin aiki. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta buɗe wa jama'a ƙofar shiga tafiyar da makarantu, a farkon shekarun 2000 kuma aka fara kafa kwamitoci. Da yawa daga cikinsu sun tsaya a suna, domin mai gari da direkta ne ke zama ƙarƙashin bishiya su rubuta sunayen waɗanda suka ga dama. Gyaran ya zo ne a 2004, lokacin da shirin nan na makaranta don kowa, mai tallafin hukumar JICA ta Japan, ya fara aiki a jihar Tawa, kafin ya iso Damagaram, ya game ƙasa a 2007. Ginshiƙin shirin abu ɗaya ne: uwayen yara su taru, maza da mata, su zaɓi wakilansu da ƙuri'ar asiri. Dalilin a fili yake. A garin da kowa surukin kowa ne, ba mai iya ɗaga hannu ya ƙi ƙanen mai gari alhali mai gari yana kallonsa.

Mai cewa kujerar ƙarama ce bai dubi abin da ke hannun mai ita ba. Kwamiti ne ke tara gudummawar uwaye, shi ne ke tsara ayyukan shekara, shi ne ke gayyar gari a kafa azuzuwan zana bayan an cire amfanin gona. In ya yi nawa, lakwal ta buɗe a Oktoba amma yara su zauna gida har sanyi ya shigo. In ya yi ganganci, a jera rumfunan kara jikin juna ba mafita. Yamai ta ga sakamakon irin wannan gini a watan Afrilu 2021, Maraɗi ta gani a watan Nuwamba na shekarar, inda kowace gobara ta ci yara aƙalla 20 suna cikin aji.

Gundumar Kance, wadda aka fi sani da Matamai, tana da nata ciwon na daban. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka taso. Yaron da aka ɗauka zuwa bara a Tamanrasat kujerarsa ce ke zama wayam a aji. Mushe baƙo ne, sau da yawa ɗan kwantaragi da aka turo daga wani gari. Bai san gidan da ake ɗaure kaya da dare ba. Ɗan kwamiti ya sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saura a san ko yana da nauyin bakin da zai shiga gidan ya yi magana a saurare shi.

Nan ne binciken asalin ɗan takara ya zama wajibi. Tambaya ta farko: yana da ɗa a wannan lakwal? Ƴarsa fa, tana aji, ko ya cire ta ya yi mata aure kafin ta kai shekara 16 da dokar 2017 ta nemi a kare karatun ƴaƴa mata? Wanda ya cire tasa ba zai iya hana maƙwabci cire tasa ba. Tambaya ta biyu: wace amana ya taɓa riƙewa, ta bankin cimaka, ta rijiyar gari ko ta ƙungiyar manoma, kuma yaya ya bar asusun? Ba a ba kura ajiyar nama. Tambaya ta uku: yana zaune a gari, ko da an gama girbi sai ya ƙetara Daura ko Kano cin rani, ya tafi da makullin akwati a aljihu? Rashin boko bai kamata ya hana kowa takara ba. Dattijon da ke rubuta lissafinsa da ajami, ko uwar da ta shekara goma tana riƙe adashen unguwa ba a taɓa jin kanta da kowa ba, sun fi mai takardar shaida marar amana. Dangantaka da sarauta ma ba laifi ba ce, muddin akwati ne ya ba da kujerar.

Sai kuma tarihin zaɓen kansa. Ya kamata kowace makaranta a ƙaramar hukumar Icirnawa ta iya fito da takarda guda da ke nuna ranar zaɓe na ƙarshe, yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a, mata nawa a ciki, sunayen waɗanda suka tsaya da abin da kowa ya samu. Shugaban da wa'adinsa ya ƙare bai koma gaban jama'a ba ya zama mai riƙon ƙarfi, ko da kuwa mutumin kirki ne. Wanda aka sake zaɓa sau uku ba abokin karawa, sai a duba: yardar gari ce, ko kunya ce ta rufe bakin mutane? Wakiliyar ƙungiyar uwaye mata da mijinta ke halartar taro a madadinta, ita ma kujerarta wayam take.

Akwai shaida daga wannan jiha cewa kuɗi kaɗai ba sa gyara lakwal. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an raba tallafi ga kwamitocin makarantu 500 daga cikin 1,000 da aka sa a gwaji a jihohin Tawa da Damagaram. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun gano cewa uwaye sun ƙara himma, an yi gine-gine da gyare-gyare, amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba, zuwan malamai aiki ma ya ɗan ragu. Uwaye suna da niyya, iko bisa malami ne ba su da shi. Darasin shi ne, kwamiti yana buƙatar mutumin da zai iya duban direkta ido da ido ya tambaye shi kwana nawa aka yi ba darasi a wannan wata, ya kuma kai maganar gaban sufeto a Matamai in ta kama. Wanda direkta ya ɗora bisa kujera ba zai yi wannan tambaya ba. Wanda gari ya zaɓa a asirce yana da bayan da zai jingina.

Adalci ne a tuna cewa aikin ba albashi. Akwai bayin Allah da ke barin gonarsu su yi jigilar kara da igiya, su biya kuɗin alli daga aljihunsu, ba wanda ya ce musu sannu. Su ne za su fi kowa cin moriyar tsabtataccen zaɓe, domin takardar da aka karanta gaban jama'a ita ke wanke mai gaskiya daga zargin ƴan gulma.

Saboda haka nauyi yana kan mutum uku. Sufeto ya ƙi karɓar sunayen kwamitin da bai zo da takardar sakamakon zaɓe ba. Mai gari ya bar wa akwati aikinsa, ya riƙe girmansa na uban kowa. Uwayen yara kuwa, musamman mata, su halarci babban taron farkon shekara, su nemi ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, jika bayan jika, kafin a yi maganar sabuwar gudummawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Garin da ya saba tuhumar shugaban kwamitin lakwal kan jika ashirin, ranar da akwatin zaɓen magajin gari ya dawo, ba za a saye shi da sabulu da turmin atamfa ba.