Daga Kan Tabarma: Wa zai zauna ajin siminti bana?

Muna fata hatsi ya shiga rumbu lafiya, kuma waɗanda suka ɗauki bashin taki a akwati sun fara maidowa, don mun ji wasu shugabanni sun gaji da aike.

Wannan wata labarin lakwal muka kawo muku. Asabar da ta wuce sufeton makarantun firamare na yankinmu ya kira taro a gidan magajin gari. An gayyaci direktoci, da ƴan kwamitin COGES na kowace makaranta, da uwaye na ƙungiyar AME, da mu shugabannin asusu. An ce ƙarfe tara, sai wajen sha ɗaya aka buɗe da addu'a, amma ba mu yi asarar zuwa ba.

Bari mu fara da ƙananan labarai. An turo sabbin malamai wasu ƙauyuka, yawancinsu ƴan kwantaragi, kuma da mata a ciki. Sufeto ya roƙi masu gari su sama musu ɗaki. Mu ma mun goyi bayan roƙon, don malamar da ba ta da wurin kwana kullum tana kan hanya, sai ka ga Litinin ba ta iso ba, Juma'a ta riga ta tafi. An kuma ce kaye da alli sun iso, za a raba ta hannun direktoci. Duk uwar da ɗanta bai samu ba ta je ta tambaya da bakinta, ban da zagin malam a bakin rijiya.

Sai takardar haihuwa, maganar da ba ta ƙarewa. Yaron da ya kai CM2 ba shi da ita zai sha wahala wajen rubuta suna a jarrabawar satifika. Doka ta ba da kwana 60 bayan haihuwa a je a shaida, in an wuce haka sai an bi ta wajen alƙali, ga kuɗin mota ga ɓata lokaci. Direktoci za su rubuta sunayen yaran da ba su da takarda tun yanzu, domin in alƙalai sun fito zagayen ƙauyuka a tarar da komai a shirye. Kowace ƙungiya ta yi wa mambobinta tambaya a zaman mako mai zuwa: wa ke da ɗa a CM1 ko CM2, kuma ina takardarsa? A fito da ita daga ƙasan adaka a gani da ido. Akwai wadda ta rantse mana tana da ita, da aka buɗe ashe katin rigakafi ne.

To, yanzu ga abin da ya ɗauki rabin taron, har muryoyi suka tashi.

Kun san yadda makarantunmu suke. A mafi yawan ƙauyuka za ka tarar da aji ɗaya ko biyu na siminti, sauran duk rumfuna ne na zana da kara. Ba mu kaɗai ba ne, don a shekarun baya gwamnati da kanta ta ce akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a faɗin Nijar. Ita rumfa ba ta tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, shi ya sa ko an buɗe makarantu a watan Oktoba, yaran rumfa sai Nuwamba suke samun inuwa. Da iskar farkon damina ta kaɗa a watan Mayu ko Yuni kuwa, shi ke nan, karatu ya tashi tare da zana. A takarda shekarar karatu wata tara ce, amma ɗan rumfa in ya samu shida ko bakwai ya gode Allah.

Wannan asara ce da muka saba da ita. Wadda ba a sabawa da ita ita ce gobara. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta tashi a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu, akasarinsu ƴan ajin renon yara. Ba a rufa wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, irin haka ta faru a cikin garin Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar zuwa shida. An yi zaman makoki na kwana uku a jihar. Allah ya jiƙansu, ya ba uwayensu haƙuri. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana sa ƴan ajin renon yara a rumfar zana.

Ku lura da shekarun waɗannan yara. A nan ne muka tsaya a wajen taro. Hanin ya shafi ƴan reno, amma ɗan CI fa? Shekara shida ko bakwai gare shi, jiya aka raba shi da zanen uwarsa. Kuma a makarantu da yawa da muka sani, tsarin ɗaya ne: manya ƴan CM2 su ke ajin siminti da tebura, ƙanana ƴan CI da CP su ke rumfa a kan rairayi, sun fi kowa yawa, sun cushe kamar tsaba a ƙwarya.

Wata dattijuwa daga cikinmu, shugabar asusu a wani ƙauye na arewacinmu, ita ta miƙe. Ta ce: "Ranka shi daɗe, ni ban yi lakwal ba, amma na yi reno. In wuta ta tashi, yaro mai shekara goma sha biyu shina kutsa zana shi hita. Ɗan shekara shida kuwa sai shi tsugunna shi rufe ido shina kiran inna. Don mi za a aje mai ƙafa cikin siminti, a bar marar ƙafa cikin kara?"

Wuri ya yi tsit. Sannan wani direkta ya amsa, kuma gaskiya bai yi maganar banza ba. Ya ce: "Inna, na ji ki. Amma ƴan CM2 jarrabawa ke gabansu. Allon bango yana ajin siminti, littattafai suna can a kulle, in na fitar da tebura rumfa gara ta ci, awaki su hau, ɓarayi su kwashe. In yara suka faɗi, ni za a tambaya, kuma ku ɗin nan ne za ku fara cewa mushe bai iya aiki ba."

Wannan ta ƙarshe ta same mu, don haka muke yi.

Mun daɗe ana ja. Mu dai ra'ayinmu bai sauya ba, kuma muna faɗa a nan ba kunya: ƙanana su shiga siminti. Jarrabawa in an faɗi ana sakewa baɗi. Kuma matsalolin da mushe direkta ya lissafa duk suna da magani in an so. Kabad ɗin littattafai ya zauna inda yake a kulle, a riƙa ɗauko na yini da safe a maida da yamma. Rumfar manya a kafa ta kusa, su ɗauki teburansu da kansu, ai ƙarti ne, suna ɗaukar abin da ya fi haka a gona. In an tashi ƙanana, ƴan jarrabawa su koma ajin siminti su yi bita a allon bango. Wahala ce, ba mu musa ba, kuma malamin CM2 ne zai fi jin ta. Ya kamata gari ya san da haka ya kyautata masa.

Sufeto bai yanke hukunci ba. Ya ce kowace makaranta da yanayinta, don haka a kai maganar babban taron COGES na kowane gari kafin ƙarshen wata. Wasu sun ce zillewa ya yi. Mu kuwa muna ganin ƙofa ya buɗe mana, don a kwamitin nan uwaye suna da kujera ta hanyar AME, kuma babban taro na duk gari ne. Damuwarmu ita ce yadda muke zuwa irin wannan taro: mu zauna can baya, mu ja mayafi, maza su gama magana, a shafa fatiha, sannan a hanyar gida kowace ta zama lauya. Wannan karo kowace ƙungiya ta zaɓi mace biyu da za su yi magana, su shirya abin da za su faɗa tun a kan tabarma, sauran su zauna kusa da su.

Akwai kuma laifin da yake namu, kuma ba za mu ɓoye ba. Su wa ke kai wuta makaranta? Mu ne. Da bashin akwati da yawanmu suka sayi kasko da mai, kuma ba kasuwar da ta kai bakin lakwal lokacin da aka fito shan iska. Ƙosai, awara, fanke, duk a kan murhu, murhun kuma a jikin zana saboda a nan inuwa take, a nan ake samun kariya daga iska. Bara a garinmu, cikin hunturu, wata mambarmu ta juya ba yaro canji, iska ta ɗauki tartsatsi ta liƙa a gindin zanar ƴan CP. Allah ya sa wata yarinya ta gani ta yi kururuwa, aka kashe da ƙasa da ruwan wanke kasko. Abin bai wuce faɗin tabarma ba, amma malamar ta ce da ta ce yara su fita, duk ƙofa ɗaya suka nufa suka toshe ta, wasu kuma ko motsi ba su yi ba. Baiwar Allah nan ta yi sati ba ta iya fitowa suya ba. Ba mu kai labarin ko'ina ba a lokacin, don kunya. Yau mun faɗa.

Tun daga ranar muka sa doka a ƙungiyarmu, kuma muna roƙon sauran su duba ko za ta yi musu. Ba a hura wuta a cikin filin makaranta. A soya a gida a kawo a roba, ko a kafa murhu can nesa, ta gefen da iska ba za ta kai wa rumfa ba. Wadda ta karya, tara dala ashirin cikin akwati, in ta sake a hana ta bashi zagaye ɗaya. Masu suya sun yi gunaguni cewa yara sun fi son mai zafi, kuma ciniki ya ɗan ragu da farko. Daga baya ya dawo, yaro mai yunwa ba ya zaɓe.

Sauran kuma aikin masu kafa rumfa ne, amma sai mun tsaya a kansu, tunda yanzu ne ake kafawa. Kowace rumfa ƙofa biyu, masu faɗi, ba a gefe ɗaya ba. Kada a jera rumfuna manne da juna don tsimin dirka, a bar fili tsakani yadda in ɗaya ta kama ba za ta miƙa wa ƴar uwarta ba. A share tarkacen kara da busasshiyar ciyawa a kewaye. A aje bido biyu na ruwa da tarin rairayi kusa, kuma a sa wanda zai riƙa dubawa, don bidon da ba mai shi kwana uku yake yi ya koma gidan wani. Malamai su gwada wa yara fita da sauri sau ɗaya ko biyu, kamar wasa, har ƙafa ta saba. A kuma riƙa laluba aljihun ƴan maza, ashana ba ta da wuyar samu.

An kuma taɓo zancen gina aji na tubali da rufin kwano, gari ya yi da kansa. Maza su buga tubali yanzu da aikin gona ya ƙare kuma tabki bai ƙafe ba, mata su taimaka da kwano. Mun yi lissafi a wajen: ƙungiya mai mace 30, in kowace ta ƙara dala goma a mako, jika ɗaya da rabi ke nan. A mako 26 ya zama jika 39. Garin da ke da ƙungiya shida ya tara jika 234. A tambayi magini abin da wannan zai saya kafin a yi wa kowa alkawari.

Amma muna da sharaɗi biyu. Kada a taɓa uwar kuɗi da ake ba da bashi, jarin mata ne, kuma an sha zuwa a lallaɓe mu da sunan aikin gari a kwashe, a bar mu da littafi. A buɗe zubi na daban, da shafinsa daban, a riƙa karantawa a gaban kowa. Sannan kada a gina a kwari ko a hanyar ruwa. Ba mu manta daminar 2024 ba, lokacin da ambaliya ta rushe gidaje da azuzuwa, mutane suka koma kwana a makarantu, har aka ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Ginin ƙasa in ba a yi masa gindi da dutse da siminti ba, damina biyu ce. Kuma ko mun gina, mu ci gaba da rubuta wa hukuma takardar neman aji kowace shekara, don ginin makarantar gwamnati haƙƙinta ne. In suka ga mun yi shiru sai su ɗauka mun wadatu.

Kafin a tashi, wata malama ta ce tun buɗe makaranta akwai ƴan mata na CM da ba ta gani ba, kuma ta ji ana ɗinkin kaya a gidajensu. Kaka ce, kuɗi ya shigo, mun san abin da ke biyo baya. Sufeto ya tuna wa jama'a dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 ta kare karatun ɗiya mace. Wannan magana ba ta ƴan layi biyu ba ce, za mu ba ta shafin wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan uwayen AME za su zagaya gidajen, da sallama da ladabi, ba da faɗa ba.

Duk garin da ya yi taron COGES, sakatariyar ƙungiya ta rubuto mana abin da aka yanke game da ajin siminti, ko an yarda ko an ƙi, da dalilin da aka bayar. A ba mai kawo jarida takardar kafin 25 ga wata. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta sa ɗiyarta ta rubuta mata, in dai an sa sunan gari.