Waƙoƙin suna na zamani: An yabi kowa, an tsallake mai naƙuda

A Daura da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Sandamu da Mai'aduwa da Zango, yanzu da wuya a yi sunan ɗan gata ba a je situdiyo an yanko masa waƙa ba. Kafin a gama fiɗar rago ta zagaya WhatsApp. Wanda ya saurari uku ko huɗu a jere zai lura cewa kusan ɗinki ɗaya ne, sunaye kawai ake canzawa.

Zubin sananne ne. A buɗe da sunan Allah da salati, a kafa amshi, sannan a raba baitoci kamar yadda ake rabon goron suna: ɗaya na angon ƙarni, ɗaya na mai jego, ɗaya na kakanni, sauran na abokai da ƙawaye gwargwadon yadda suka buɗe hannu. Amsa-amon yakan zama mai sauƙin samu, kamar "na" ko "ya", don kowane suna ya shige ba tare da ya yi wa kari gardama ba.

Wannan zubi na yabo ne, kuma Daura ta san yabo. A nan aka binne Mamman Shata a 1999, saboda kusancinsa da Sarki Muhammadu Bashar. Sai dai an gina waƙar yabo ne don wanda ya riga ya yi abin faɗa. Jaririn kwana bakwai bai ci yaƙi ba, bai yi kyauta ba. Da mawaƙi ya rasa abin cewa a kansa, sai ya ari kalmomin waƙar soyayya: tauraro, zinariya, hasken idaniya, sanyin zuciya. Da su aka yabi amarya bara, da su ake yabon ɗanta bana.

Ita kuwa uwar, wadda ta ɗauki ciki wata tara ta durƙusa, baitinta bai wuce kyau da haƙuri da tsadar leshi ba. Ba naƙuda a ciki, ba ungozoma, ba yankan cibiya. Ba a jin tururin ruwan wankan jego da ganyen darbejiya, ba ɗanɗanon kunun kanwa, ba goyon ciki da ake tafiya gidan iyaye a haihuwar fari. Duk kalmomin da suka san ɗakin haihuwa an bar su a bakin ƙofa.

Abin mamaki, labarin kafuwar garin kansa rigimar haihuwa ce da aka yi da kalma. Kamar yadda ake bayar da shi, bayan Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu ya auri Daurama, ƙwarƙwararsa ce ta fara haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Da sarauniya ta haifi nata, sai ta mayar da martani da Bawo, wato a bayo garin. Sunaye biyu kacal, amma akwai kishi a ciki, akwai tsoro da gadara da siyasar gado. Baiti ashirin na situdiyo ba sa ɗaukar nauyin da waɗannan kalmomi biyu suka ɗauka.

Haka laƙabin yara yake a ko'ina a ƙasar Hausa. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye. Talle ya tashi ba uwa. Ajuji kuwa ɗan wabi ne, uwar da ta sha binne 'ya'ya ta yi kamar ta yar da shi a juji ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Ga jigo kwance, ga salo, mawaƙan zamani suna tsallake su suna neman kalmar da za ta dace da kiɗan fiyano.

Za a ce ranar suna ranar murna ce, kuma kunya ba ta bari a yi maganar naƙuda a bainar jama'a. Gaskiya ne, ba wanda zai biya kuɗi a tuna masa da makabarta. Amma kunya ba ta taɓa rufe bakin mata ba, sakaya zance ta koya musu. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗan fari tana yi masa waƙar reno, kuma zubin waƙar ya dace da aikinta: gajerun ɗangogi, maimaici mai bin jijjigar goyo, alkawarin abin daɗi idan an yi shiru, sai a soka habaici ga kishiya ko ga mijin da bai kawo cefane ba. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki gwarne, abin da ake yi wa mace gori a kai, ta mayar da shi waƙar amada da mata ke rawa da ita a tsakar gida.

Rubutacciyar waƙa ma tana da nata giɓin. Masu alƙalami sun ƙware a kan haihuwa ɗaya, ta Manzon Allah (SAW), wadda waƙoƙin Maulidi suka bi daki-daki. Haihuwar 'yar talaka a Baure ba ta samu ko kusa da wannan kulawa ba. Matasan da ke saka ƙwar biyar a Facebook kan ƙuruciya kuwa, da yawansu lissafi suke yi: langa, carafke, tashe, gaɗa a dandali, allo da tawada, kowane baiti ya rufe da kewar zamanin da. Karin ya zauna, amsa-amo bai karye ba, amma ba a ganin yaro ɗaya mai fuska. Ba a cika jin wanda aka kai yaye gidan kaka ya kwana yana kuka ba, ko almajirin da aka sauke a tasha yana ɗan shekara bakwai.

Ɗalibin da ya bi hanyar Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ta feɗe waƙa zai iya ba irin waɗannan cikakken maki a zubi da tsari. A jigo ne zai tsaya yana juya biro. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne, kuma Arewa ce ta fi jin jiki. "Barka da arziki" da ake ce wa mai jego ba gaisuwar banza ba ce, kowa ya san abin da ta tsallake. Waƙar da ba ta san da wannan ba, murnarta ma ba ta kai zuci.

Tsofaffin da suka riƙe waƙoƙin reno da na niƙa suna nan a ƙauyukan masarautar, kuma wayar da ake tura waƙar suna da ita tana ɗaukar murya. Mawaƙin da ya zauna da ungozoma yini guda kafin ya shiga situdiyo zai fito da kalmomin da abokan sana'arsa ba su da su.