Wuƙar da ke aljihunka, ta mece ce?



Makon jiya wata uwa ta kawo mini ƙarar ɗanta, wai ta ga wuƙa a aljihunsa. Da na tambayi yaron, sai ya ce ƙotar fartanyar babansa yake so ya gyara kafin damina. Ban ga laifin uwar ba. Duk mai jin labarin 'yan daba da masu ƙwacen waya a birnin Kano, dole gabansa ya faɗi. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Muna yara, kowa yana da 'yar wuƙarsa ta maƙera. Bayan girbi mukan zauna a inuwar gawo muna feƙe karan dawa, mu yi mota da kejin tsuntsu. Manya kuma suna gefe suna sassaƙa muciya da ƙota. A nan muka koyi haƙuri, domin mai gaggawa yatsansa yake yanka. Yau gona ta haɗe da gona, itace ya yi wuya, kayan roba sun cika kasuwannin Bichi da Dambatta, waya kuma ta cinye lokacin hira.

Ra'ayina shi ne, kada tsoro ya sa mu bar aikin hannu ya mutu. A Markus 6:3 mutanen garin Yesu da sana'ar sassaƙa suka san shi. A Markus 7:21 kuma ya nuna cewa kisankai daga zuciya yake fitowa. Ƙwace wuƙa ba ya warkar da mai fushi.

Duk da haka, zamani ya sāke. In za ka kasuwa, ko gidan kallon ƙwallo, ko sujada, bar ta a gida. Kada ka ce ta kare kai ce. Bitrus ma haka ya ɗauka a Getsamani, Ubangiji ya sa shi mayar da takobinsa kube. Faɗan minti ɗaya yana iya kai ka kurkuku, ya bar wata uwa da makoki.

A wannan rani, nemi dattijon da ya iya sassaƙa, ka zauna kusa da shi ka koya. Iyaye, ku tambaya kafin ku ƙwace.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsarkake zukatanmu, ka sa hannuwanmu su zama na gyara. Amin.