Shinkafa Da Kaza A Watan Azumi: Ina Aka Bar Kajin Gaya Da Ajingi?

A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, da kunu da ƙosai ake buɗa-baki, tuwo ya biyo baya. Amma ranar da maigida ya gayyato surukai ko abokan aiki shan ruwa, to, shinkafa da kaza ce ke fid da shi kunya. A 'yan shekarun nan ma wasu gidajen ma'aikata sun ɗauko biryani, watau dafa-dukar mutanen Indiya da Pakistan wadda alhazai suka saba gani a Makka da Madina: a jiƙa kaza cikin kindirmo da citta da kanumfari da kirfa, a tafasa shinkafa rabin nuna, sa'an nan a jera su hawa-hawa a tukunya, a rufe ruf, tururi ya ƙarasa aikin.

Tukunyar nan ta isa a yi nazari a kanta, domin yawancin abin da ke cikinta ba a nan ake yanke kuɗinsa ba. Manomin wannan yanki gero da dawa da wake da gyaɗa ne ƙarfin nomansa. Shinkafar kirki tana fitowa ne daga Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, yake kaiwa. Basmati kuwa, wadda biryani na ainihi ke bukata, sai ta ƙetaro teku. Saboda haka da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, da kuma ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, nan da nan kwanon awo ya shaida. A 2024 aka ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150; mai saye ya ɗan numfasa daga baya, manomin shinkafa kuwa ya koka.

Kaza ce kaɗai ke hannun mutanen wurin, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Da wuya a shiga gida a ƙauyukan Ajingi ba a ga kaji suna kiwo a tsakar gida ba, kuma galibi na mata ne. Su ne asusunsu na magani, na littafin yara, na ɗinkin Salla. To, amma annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Newcastle ta fi tsananta ne da hunturu, kuma takan share akurki ƙaf cikin 'yan kwanaki. Azumin 2025 ya kama ne a ranar 1 ga Maris, tun da yake kuma watan yana jawowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, azumin shekaru masu zuwa cikin tsakiyar sanyi zai riƙa faɗowa. Watau lokacin da aka fi neman kaza zai haɗu da lokacin da ta fi mutuwa.

Abin takaici shi ne, maganin yana nan a gida. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin rigakafin wannan cuta, har da irin wanda ke jure zafi, wanda ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido. Ba sai likita ba. Mace ɗaya da aka koya wa za ta iya zagaya unguwa guda da hantsi.

Babu mai ƙin rabon shinkafa da dafaffen abinci da gwamnati kan yi da azumi, lada ne kuma taimako ne. Sai dai buhun da aka raba yakan ƙare tun ba a ga watan Salla ba. Ya kamata sassan aikin gona na ƙananan hukumomin biyu su keɓe kuɗin rigakafin kaji a kasafinsu, su fara zagaye tun da kaka. Masarautar Gaya kuma, wadda dokar 2024 ta bar mata Gaya da Ajingi da Albasu, tana da dagatai da masu unguwanni da za su iya sanar da kowane gida ranar da za a kulle kaji a jira masu ɗiga maganin.