Kafin ka ɗaga tsohuwar kat-kat, ka tuna wa za ta ɗauka

Wani abokin aikina ya sayi tsohuwar Land Cruiser kwanan baya. Ya ce da ita zai riƙa kai iyalinsa ƙauye lokacin hutu, kuma mu riƙa shiga tare idan za mu je duba ɗalibanmu masu koyon malanta da aka tura makarantun karkara. Bai yi wata da ita ba, wani bakanike ya ba shi shawara ya ɗaga ta wajen santimita 15, ya sa mata manyan tayoyi, wai ta haka ne kawai za ta iya da rairayin arewacin Dakoro da koramun damina. Da ya nemi ra'ayina na ce masa kada ya wuce santimita 5, kuma ko hakan ma sai ya fara gyara abin da ya gaji a ƙarƙashinta. Na ga ya dace in kawo dalilaina nan, domin irin waɗannan motoci su ne ke ɗaukar malamanmu da ƴaƴanmu a hanyoyin da ba kwalta.

Yawancin tsofaffin kat-kat ɗin da muke ganin sun yi ƙasa, gajiya ce ta zaunar da su. Land Cruiser samfurin 60 ta fito a 1980, samfurin 70 a 1984, kuma masu ɗaukar kaya cikinsu a kan sifirin mai falle-falle suke zaune gaba da baya. Sai a 1999 aka mai da na gaban samfurin 70 ya zama mai murɗe. Ƙarfen da ya shekara talatin yana dakon buhunan hatsi da jarkokin ruwa dole ya miƙe. Ka leƙa ƙarƙashin motar: idan fallayen sun kwanta sumul, ko sun fara lanƙwasa ta baibai, ƙarfinsu ya ƙare. Ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin motar da ke samanta, ka gwada dama da hagu. Ka duba shokazoba, wanda kanikawanmu ke ce wa amortisar, ko mai na tsiyaya a jikinsa, ka duba robobin da ke bakin sifirin ko sun cinye. Sau da yawa sabon sifirin daidai da na kamfani ya isa ya mai da mota tsayinta na asali, har mai ita ya ga abin da yake nema ke nan tun farko.

Akwai kuma lissafin da ko ɗan aji shida zai iya. Wurin da ya fi kusa da ƙasa a irin waɗannan motoci shi ne ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul, difaransiyal. Aksul kuwa a kan tayoyi yake, sifirin kuma yana haɗe da shi yana tallafe da jikin mota. Ko ka ɗaga jikin kamu guda, wannan ƙullutu yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara shatar tudun rairayin da manyan motoci ke bari a tsakiyar hanya. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Tayar 7.50R16 da aka saba gani a Land Cruiser tsayinta wajen santimita 80 ne. Idan ka sa mai inci 33, wato wajen santimita 84, ribarka santimita 2 ce kacal. A madadin haka injin zai ƙara shan mai, birki zai ƙara wahala, kuma idan agogon gudu ya nuna 100, kana kusan 105.

Tsofaffin direbobin hanyar Tanut da Gure ba su jira tsayin mota ba kafin su ƙetare rairayi. Suna rage iskar taya zuwa wajen kilo ɗaya da rabi don ta shimfiɗu, su sa giyar da ta dace tun kafin su shiga, su tafi a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, in sun hau kwalta su mai da iskar. Famfon iska mai kyau, da ma'auninsa, da shebur, sun fi ƙarin tsayi amfani a rairayi, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kifewa. Idan ina nuna wa ɗalibaina yadda ake koyar da cibiyar nauyi, bulo nake kawowa aji. In kwantar da shi in ce su ture, ya ƙi faɗuwa. In tsayar da shi a kan gajeren gefensa, yatsa guda ya kayar da shi. Mai amalanke ma ya san haka, shi ya sa yake shimfiɗa buhuna a ƙasa kafin ya ɗora karan dawa. Kat-kat tun daga kamfani doguwa ce a kan faɗinta. Ka ƙara mata santimita 15, ka ɗora buhuna da jarkoki da taya ta biyu a samanta kamar yadda muka saba, ka cika cikinta da yara, sannan akuya ta faɗo hanya direba ya kauce a guje. Motar da da za ta karkata ta dawo, yanzu tana iya kwanciya. Kuma mun san yadda yaranmu ke zama a bayan waɗannan motoci, ba mai ɗamara.

Sai ɓarnar da ido ba ya gani. Tiyon robar da ke kai man birki daga jikin mota zuwa aksul an yanke shi ne daidai da tsayin kamfani. In an ɗaga motar da yawa ba a sa dogo ba, ranar da taya guda ta faɗa rami zai miƙe har ya tsinke. A tsofaffin Land Cruiser da Hilux da dama akwai wata ƴar na'ura a baya mai sanda da ke haɗe da aksul, aikinta ta auna yadda kaya suka danne motar ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. In an ɗaga bayan ba a daidaita ta ba, sai ta ɗauka motar wofi ce ko da maƙil take, ta rage birkin baya a lokacin da aka fi bukatarsa. A samfurin 80, wadda ta fito a 1990 da sifirin mai murɗe gaba da baya, ɗagawa tana karkatar da aksul na gaba, sai sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a kan kwalta. Farfela ma tana karkacewa fiye da ƙima, ta fara karkarwa tana cin mahaɗanta. Kowanne cikin waɗannan yana da gyara, amma kowane gyara kuɗi ne, kuma wanda ya ce zai ɗaga maka mota a araha yawanci waɗannan ne yake tsallakewa.

Ban ce ɗagawa ba ta da amfani ba. Wanda ya taɓa gangarawa Gulbin Kaba ko wata korama da ruwa ya zaftare bakinta ya san yadda cikin mota ko gindinta ke dukan gaɓa. A nan ƙarin santimita 4 ko 5 yana taimako, haka ma ga motar da kullum cikin kaya take. Shi ya sa kamfanonin da suka ƙware a wannan sana'a, irin su Old Man Emu na ƙasar Ostareliya, ke sayar da sifirin bisa nauyi: na mota mara kaya, na matsakaicin kaya, da na kaya masu nauyi. Tambayar farko ita ce kilo nawa motarka ke ɗauka a yawancin kwanakinta. Wanda ya sayi sifirin mafi tauri alhali shi da matarsa da yara uku ne ke shiga, zai sha jijjiga a hanyar burji, tayoyin baya su riƙa tsalle suna sakin ƙasa.

Idan ka yanke shawarar yi, ka sayi sifirin da shokazoba da robobi waɗanda aka ƙera don junansu kuma don samfurin motarka, a canza su gaba da baya a lokaci guda. Kada ka yarda a cusa maka guntun ƙarfe tsakanin sifirin da aksul na gaba, ko a ƙera maka dogayen maratayan sifirin a wurin mai walda, ko a ƙara maka fallen babbar mota. Bayan aikin a daidaita tayoyin gaba da fitilu, a gwada birki da kaya a ciki, a kuma sake ɗaure kusoshi bayan ƴan kwanakin farko na tafiya. In kuɗin ba su isa a yi duka ba, a yi birki da tayoyi, tsayi ya jira. Garin neman gira ba a rasa ido.

Ku kuma iyaye da shugabannin makarantu, in za a yi hayar mota ta kai yara jarrabawa ko wasan makarantu, kuna da ikon ku zagaya ta kafin kowa ya shiga. In kun ga an ɗaga ta fiye da ƴan'uwanta, ga kaya jibge a sama, ku sa a sauko da masu nauyin ƙasa, ko ku nemi wata. Direba zai ɓata rai, ya ce shekara nawa yana bin hanyar nan. Ku ba shi haƙuri, amma kada ku janye.

Abokin nawa dai ya sa sabon sifirin mai ƙarin santimita 5, ya bar tayoyinsa na 7.50, ya sayi famfo da shebur. Bakaniken har yanzu yana cewa motar ba ta yi kwarjini ba. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.