Akwatin gajimare: sawun abin da ido ba ya gani

Mai bin sawu ba ya bukatar ganin raƙumi kafin ya faɗi inda ya nufa da nauyin kayansa. Da irin wannan hikima ne masana suka fara gane ƙwayoyin da ƙarfen uraniyom yake harbawa dare da rana, waɗanda ba su da launi, ba su da wari, ba su da ƙara.

A shekarar 1894, wani saurayi ɗan ƙasar Sikotland, Charles Wilson, ya yi ƴan makonni yana aikin duba yanayi bisa dutsen Ben Nevis. Gajimaren da ya gani can ya burge shi, har ya ƙudurta ƙera irinsa cikin kwalba a jami'ar Kambirij. Ya kan cika kwalbar da iska mai laima, ya buɗa mata wuri farat ɗaya, ta yi sanyi, tururin ya nemi abin da zai taru a kai. Idan wata ƙwaya ta ratsa a daidai lokacin, sai ɗigon ruwa ƙanana su jeru bisa hanyar da ta bi, kamar farin layin da jirgin sama ke bari. A 1911 ya ɗauki hoton wannan sawu, a 1927 aka ba shi kyautar Nobel.

Kowace ƙwaya da irin tafiyarta. Wadda ake kira alfa mai nauyi ce: sawunta kakkaura, miƙaƙƙe, gajere, ƴan santimita kaɗan ta tsaya, takarda ma tana tare ta. Beta kuwa siririya ce, tana karkace-karkace kamar tafiyar maciji cikin rairayi. Idan aka sa mayen ƙarfe, sawun ya kan lanƙwashe, daga nan a lissafta ƙarfinta. Ta haka Carl Anderson ya gano ƙwayar fozitaron a Amurka a 1932. Yanzu ɗaliban makaranta ma suna haɗa ƙaramin akwatin da alkol da busasshiyar ƙanƙara.

To amma kada alfa ta ruɗi mutum don takarda na tare ta. A waje ba ta da ƙarfi. In ta shiga huhu cikin ƙura ko iskar radon, naman jiki ne ke shan dukanta.

A nan ne zancen ya shafi Nijar, inda aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971. A ƙarshen 2003, masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun tarar da tsofaffin ƙarafa masu wannan guba ana sayar da su a kasuwar garin. Ɗan kasuwar da ya saye su, da maƙerin da ya mai da su ƙofa ko tukunya, ba su da laifin rashin gani.

Akwatin Wilson dai nuni yake yi, bai dace da aikin kasuwa ba, kuma ba ya faɗin yawan abin da jiki ya sha. Wannan aikin na'urar Geiger ce, wadda ake riƙewa a hannu, da ɗan ma'aunin da ma'aikacin ma'adinai ke maƙalawa a ƙirji. Fataken ƙarfe na Maradi da Damagaram da Tawa na da hakkin tambayar ko an auna lodin da ya fito daga arewa, da kuma takardar wanda ya auna shi.